Little Gidding: Ƙauyen Mutum 22 Da Sarkin Ingila Ya Nemi Mafaka A Cikinsa

Ranar 2 ga watan Mayu na shekarar 1646, da dare, wani baƙo ya iso wani ɗan ƙauye a gabashin Ingila, ba tambari, ba algaita, ba dogarai. Kwana biyar ke nan da ya sulale daga birnin Oxford cikin shigar hadimi, an rage masa gashi da gemu don kada a gane shi. Baƙon nan Sarki Charles na Ɗaya ne, wanda sojojin majalisar dokoki suka ci da yaƙi suke kuma nemansa ruwa a jallo. Maigidan da ya sauka wurinsa, John Ferrar, ya san cewa gidansa ne wurin farko da za a fara dubawa, saboda haka bai bar shi ya kwana ba. Ya bi da shi ta cikin gonaki zuwa wani ƙauye da ke kusa, Coppingford, can ya kwana. Bayan kwana uku sarkin ya miƙa kansa ga sojojin Sikotland, kuma bai ƙara zama ɗa mai 'yanci ba har ranar 30 ga Janairun 1649 da aka fille masa kai a Landan.

Sunan ƙauyen Little Gidding. Abin da ya kamata mai karatu ya tambaya shi ne, me ke cikinsa da har sarkin da duniya ta yi wa zafi zai tuna da shi?

In ka je yau, da ƙyar ka kira shi ƙauye. A wurinmu tunga za a ce. Yana yankin Huntingdonshire, kimanin kilomita 14 arewa maso yamma da garin Huntingdon, a ƙarshen wata siririyar hanya da ta ratsa gonaki ta tsaya. Faɗin ƙasarsa duka hekta 293 ne, kuma ƙidayar shekarar 1991 ta samu mutum 22 a cikinsa. Babu kasuwa, babu kanti, babu makaranta, babu asibiti, babu ko mashaya, wadda ita ce dandalin hira a ƙauyukan Turawan Ingila. Mai son hawa jirgin ƙasa sai ya tafi Huntingdon ko Peterborough. Gidding ɗin ma uku ne a jere: akwai Great Gidding, wato babban, inda mafi yawan jama'a suke, akwai Steeple Gidding wanda cocinsa ya daina taron ibada na yau da kullum aka miƙa shi ga wata hukumar adana tsofaffin coci-coci, sai wannan ƙaramin a tsakiyarsu. Ko babban ma ba ya cikin jin daɗi, don a 2023 aka rufe makarantar firamarensa saboda ƙarancin yara.

A al'adar Ingila, abin da ke raba ƙauye da tunga shi ne coci: wurin da ke da cocinsa ƙauye ne, wanda ba shi da shi tunga ne, komai yawan gidajensa. Little Gidding ya karya wannan lissafi. Ba shi da mutane, amma yana da coci, wani ɗan ƙaramin gini na jan bulo mai fuskar dutse, wanda in mutum talatin suka shiga sun cika shi. Wannan cocin ne kaɗai abin da ya hana sunan wurin ɓacewa daga taswira.

Sunan Gidding tsoho ne, yana cikin babban littafin ƙidayar filaye da dukiya da Sarki William ya sa aka rubuta a 1086. Cocin ma ya daɗe. A ƙarni na 12 yana hannun ƙungiyar mayaƙan addini da ake kira Templar, da aka rusa su a 1312 ya koma hannun takwarorinsu na Hospitaller. Daga nan mutane suka yi ta raguwa. Annobar da ta shiga Ingila a 1348 ta ci nata, daga baya masu ƙasa suka lura kiwon tumaki ya fi noma riba saboda cinikin ulu, suka shinge gonaki suka mai da su makiyaya. Garken tumaki makiyayi ɗaya ya ishe shi, gona kuwa tana son hannuwa da yawa. Haka ƙauyuka masu yawa a tsakiyar Ingila suka zama kufai, ba yaƙi ba fari. Kafin shekarar 1625 abin da ya rage a Little Gidding shi ne wani babban gida da ya fara zubewa, da bukkar makiyayi, da cocin da aka mai da shi rumbun ciyawa.

Waɗanda suka sayi wannan kufai 'yan kasuwar Landan ne, iyalin Ferrar, kuma ba neman lada ne ya fara kai su ba, karayar arziki ce. Suna cikin manyan Kamfanin Virginia, kamfanin da ya kafa zaman Turawan Ingila na farko mai ɗorewa a Amurka. John Ferrar ya zama mataimakin ma'ajin kamfanin a 1619, ƙanensa Nicholas ya gaje shi a 1622. Ya kamata a faɗa, tunda masu yabon gidan ba su cika faɗa ba, cewa a wannan shekara ta 1619 ce aka sauke 'yan Afirka na farko da aka kamo a gaɓar Virginia, kuma arzikin yankin a kan taba ya tsaya. A 1624 Sarki James ya ƙwace lasisin kamfanin. Ana cikin haka wani abokin cinikin John ya karye, bashi ya hau kan John ɗin. Gandun Little Gidding na wannan abokin ciniki ne, sai uwarsu Mary Ferrar ta sa dukiyarta ta saye shi, ta haka aka fitar da ɗanta daga kunya. A 1625 annoba ta ɓarke a Landan, dole iyalin suka fice.

Yadda zuriyar gidan suka ruwaito, ranar da tsohuwar ta iso, ta haura shekara 70, ta ƙi shiga gida ta huta, ta ce sai ta fara shiga coci ta yi godiya. Aka ce mata ai cike yake da ciyawa har bakin ƙofa. Ta ce to a fitar yanzu, ta tsaya a wurin har aka buɗe mata hanya. Kusan duk abin da ya biyo baya yana cikin wannan hali nata.

Amma ƙwaƙwalwar gidan Nicholas ne. An haife shi a Landan a 1592, ya yi karatu a Kambirij, ya yi shekara biyar yana yawo a Holand da Jamus da Italiya da Sifaniya, har ya taɓa karatun likitanci a Padua. Ya zauna a majalisar dokoki a 1624. Mutum ne da in ya so, manyan muƙamai na jiransa. A 1626 ya je wurin Bishop William Laud aka naɗa shi dikin, wato mataimakin limamin coci, a Westminster, ya kuma tsaya nan, bai taɓa yarda a ƙara masa girma zuwa cikakken limami ba. Bai yi aure ba. Ya tattaro uwarsa, da wansa John da matarsa da 'ya'yansu, da 'yar'uwarsu Susanna da mijinta John Collett da tarin 'ya'yansu, da barori, mutum talatin zuwa arba'in, suka tare a gida ɗaya.

Tsarin da ya shimfiɗa musu ba na rago ba ne. Ana tashi ƙarfe huɗu na asuba da rani, ƙarfe biyar da hunturu. Sau biyu ko uku a yini gidan duka ke jeruwa bibbiyu su taka zuwa coci. Tsakanin haka, duk sa'a ɗaya wani rukuni zai taru na ɗan lokaci ya karanta wani yanki na Zabura da na Linjila, ta yadda kafin dare an sauke surorin Zabura 150 gaba ɗaya. Da dare kuma, daga ƙarfe tara zuwa ƙarfe ɗaya, waɗanda suka ɗauki nauyi, maza a gefensu mata a gefensu, za su sake sauke ta a durƙushe. Ƙarfe ɗaya na yi sai su ƙwanƙwasa wa Nicholas ƙofa su ajiye masa kyandir, shi kuma ya ɗora har gari ya waye. Da yake shi dikin ne kawai, ba shi da ikon ba da Jibin Ubangiji, sai limamin ƙauyen maƙwabta ya zo sau ɗaya a wata ya ba su.

Wanda ya tsaya a nan zai zaci mutanen sun rufe ƙofa ne sun bar duniya. Ba haka ba ne, kuma a ganina wannan ɓangaren ya fi na sallolin dare ban sha'awa. Duk abubuwan da na ce babu su a ƙauyen yau, a wancan zamani akwai su, a cikin gida ɗaya. Sun gyara wani ɗakin tantabaru suka mai da shi makaranta, suka ɗauki malamai uku, na Latin, na rubutu da lissafi, da na kiɗa, kuma yaran maƙwabta na iya shiga. Akwai ɗakin magani inda 'yan matan gidan ke haɗa man shafawa suna wanke wa talakawa gyambo da rauni, da ilimin da kawunsu ya kwaso daga Italiya. An ware wani sashe na gidan aka zaunar da matalautan zawarawa tsofaffi, ana ci da su ana sha da su. Ana dafa fate ana raba wa mabukata. Ranar Lahadi kuwa yaran ƙauyukan kewaye ke zuwa, duk wanda ya haddace sura ɗaya ta Zabura ya kawo ta daidai a ba shi peni ɗaya, abin da kakanninmu ke kira kwabo, sannan a zaunar da su a ba su abincin rana, tsohuwa Mary da kanta take sa hannu a rabon. Ga ɗan talakan da ubansa ke yini a gonar wani kan 'yan kwabbai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani zai ce saye ne. To, saye ne, amma yaron ya koma gida da karatu a ka da abinci a ciki.

Sana'ar da ta fitar da sunansu ita ce haɗa littafi. Linjila huɗu ce a hannun Kirista, ta Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, kowace na ba da labarin Yesu ta hanyarta, wani wuri su haɗu wani wuri su rabu. Nicholas ya so a karanta labarin a jere ba tare da an jefar da kalma ɗaya ba. Sai a sayo bugaggun littattafai, 'yan matan su zauna da almakashi da wuƙa su yanka su layi-layi, wani lokaci kalma-kalma, su manna a kan manyan takardu bisa tsarin da ya zana, su haɗa da hotuna da aka sayo daga Turai, su danne da maɗanni har sai wanda ya gani ya rantse daga injin buga littafi ya fito. An raba aikin babi 150 don a sauke shi sau ɗaya a wata. Wata 'yar mai ɗinkin littafi daga Kambirij ce ta koya musu ɗinki da yi wa bango ado. Tsofaffin ma'aikatan rediyo da suka yi zamanin faifan zare, waɗanda ke yanka shi da reza su liƙa don cire tari ko tuntuɓen harshe, su ne za su fi kowa gane irin haƙurin da wannan aiki ke ci. Labari ya kai kunnen Sarki Charles, ya aiko a ba shi aron ɗaya. Ya riƙe shi watanni, ya mayar da shi da rubutun hannunsa a gefen shafuka, ya kuma ce a yi masa nasa. An kammala nasa a 1635, yana nan har yau a babban ɗakin karatu na Birtaniya a Landan.

Akwai wani littafin kuma da ba don wannan gida ba da wataƙila ba a san shi ba. George Herbert, limamin wani ƙauye kuma abokin Nicholas tun Kambirij, da ya ga ciwonsa ba na tashi ba ne a 1633, ya aiko masa da rubutattun waƙoƙinsa, ya bar masa zaɓi, ko ya buga ko ya ƙone. Nicholas ya buga su a shekarar da sunan The Temple, kuma har gobe ana karanta su a jami'o'i. Abin mamaki, shi Nicholas ɗin da nasa ajalin ya matso a 1637, ya sa wansa ya auna inda za a haƙa kabarinsa a gaban ƙofar coci, ya ce a kwaso manyan kwanduna uku na littattafan wasan kwaikwayo da waƙoƙin soyayya da ya tara tun yana saurayi, a ƙone su a daidai wurin. Mutanen karkara suka hango hayaƙi, nan da nan magana ta bazu cewa ashe boka ne, ya kasa cikawa sai da aka ƙone littattafan tsafinsa. Ya rasu ranar 4 ga Disamba, yana da shekara 45.

Kada a ɗauka kowa a gidan na murna. Bathsheba, matar John, 'yar birni ce, ba ta zaɓi wannan rayuwa ba, aure ne ya kawo ta. Wasiƙun iyalin da ke ajiye a kwalejin Magdalene ta Kambirij sun nuna yadda ta yi ta karo da ƙanen mijinta, wanda shi ke da ta-cewa a kan komai alhali mijinta ne babba. Marubutan da suka zo daga baya sun mai da ita fitinanniya. Ni dai ina ganin duk macen da aka ɗauko daga Landan aka kai kufai, aka ce ta tashi ƙarfe huɗu, sannan ƙanen miji ne zai tsara mata yadda za ta yi da 'ya'yanta, tana da abin faɗa.

Babbar matsalar dai daga waje ta zo, kuma sai an koma baya kaɗan za a gane ta. A 1534 Sarki Henry na Takwas ya raba cocin Ingila da Fafaroma, tsakanin 1536 da 1540 kuma ya rushe gidajen zuhudu duka, inda maza ko mata ke keɓe kansu don ibada, ya raba filayensu. Ɗaya daga cikinsu a Sawtry yake, tafiyar ƙafa daga Gidding. Tun daga lokacin duk wani abu mai kama da zaman zuhudu ana ganinsa a matsayin warin Katolika, Katolika kuwa a idon yawancin mutanen Ingila na lokacin ba wata ɗariƙa ce kawai ba, hannun Sifaniya ne da Faransa. Sai ga wani gida ana salla dare da rana, ana kunna kyandir, ana durƙuso, ga 'yan mata biyu, Mary da Anna Collett, sun ce ba za su yi aure ba. Mutanen gidan sun yi ta cewa su iyali ne kawai masu bin littafin addu'a na cocin ƙasa, ba wanda ya yi rantsuwar zuhudu, sauran 'yan matan ma sun yi aure. Bishop ɗin yankin, John Williams na Lincoln, ya zo ya duba ya wanke su. Bai hana ba.

A 1634 wani lauya, Edward Lenton, ya ziyarce su ya rubuta wa abokinsa wasiƙa kan abin da ya gani. Bayan shekara bakwai, a 1641, lokacin da rikici tsakanin sarki da majalisa ya kai intaha, wasu suka samu wasiƙar suka murɗe ta, suka buga ƙasida suna kiran gidan gidan zuhudun mata, da zanen wata mace riƙe da carbi a bango, suka raba har ga 'yan majalisa. Lenton ya ce ba haka ya rubuta ba, amma wa ke sauraro? Masu tsattsauran ra'ayin gyaran addini da ake kira Furitan ba Little Gidding ne ya dame su ba. Laud suke hari, wanda a lokacin ya zama shugaban cocin Ingila, da sarkin da ke bayansa. Gidan Ferrar sanda ce kawai da aka samu a kusa. Kuma jagoran da zai fito daga cikinsu ya kayar da sarki, Oliver Cromwell, a Huntingdon aka haife shi a 1599, maƙwabcinsu ne.

Sarkin ma bai sauƙaƙa musu ba. A watan Maris na 1642, yana kan hanyarsa ta zuwa York, watanni kaɗan kafin a fara yaƙin basasa, ya ratse ya yini a wurinsu tare da ɗansa. An ruwaito cewa ya leƙa ɗakunan zawarawan ya bar musu tsabar zinariya biyar da ya ci a karta. Daga ranar ba sauran mai yarda cewa gidan ba ya da ɓangare. Ziyarar dare ta 1646 ita ce ta ƙarshe. An daɗe ana ba da labarin cewa bayanta sojojin majalisa sun afka wa gidan sun farfasa kayan coci sun jefa wasu a tafki, sai dai masu binciken baya-bayan nan da suka bi takardun iyalin suna ganin an ƙara wa labarin gishiri. Abin da ba a musu a kai shi ne majalisa ta haramta littafin addu'ar da rayuwar gidan ta ginu a kansa tun 1645, kuma a 1657 John da Susanna suka rasu kusan a tare. Da su tsarin ya tafi, makaranta da ɗakin magani da kwabon Lahadi duka. Shekara 32 ke nan daga ranar da aka fitar da ciyawa.

Babban gidan ya rushe daga baya, ko tushensa ba a gani sosai. Cocin ne ya yi ta samun mai ɗaga shi duk lokacin da ya kusa faɗuwa. Zuriyar Ferrar sun sake gina shi a 1714, suka rage masa tsawo, abin da ya sa kabarin Nicholas ya ƙara nisa da ƙofa. A 1848 wani lauya daga Stamford, William Hopkinson, wanda ya karanta tarihin gidan ya kamu da sonsa, ya sayi gandun ya gyara cocin. A 1881 wani littafin ƙagaggen labari mai suna John Inglesant ya sa masu karatu suka fara neman hanyar ƙauyen. A watan Mayun 1936 mawaƙi T. S. Eliot ya zo ya yi 'yan sa'o'i, a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya fitar da doguwar waƙa da ya raɗa wa sunan ƙauyen, kuma yawancin baƙin da ke zuwa yau ta dalilinta suke zuwa. An kafa ƙungiyar abokan Little Gidding a 1946. A shekarun 1970 wasu iyalai sun gwada farfaɗo da zaman tare irin na da, suka yi kusan shekara ashirin, suka watse a 1998.

Gidan gona da Hopkinson ya gina kusa da cocin shi ake kira Ferrar House yanzu, an mai da shi masaukin masu zuwa keɓewa da addu'a. Cocin Ingila na tunawa da Nicholas duk ranar 4 ga Disamba. Kujerun cikin cocin har yau a jikin bango suke, suna fuskantar juna, yadda iyalin ke zama. Kabarinsa na nan a kan hanyar shiga, wani teburin dutse da ruwan sama ya cinye, duk mai shiga sai ya kewaye shi.